Damen Irin da Na Kasa Saye

Mun tashi daga Kaura Namoda bayan sallar asuba, ni da direba, bayan mota cike da buhuna wofi. Sana'ata sayen hatsi, kuma na ji labarin wani ƙauye bayan Gurbin Bore zai tashi saboda ɓarayin daji. Ba zan ɓoye muku ba, araha na tafi nema, don mai gudu ba ya tsayawa ciniki.

A Zurmi muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har sai da na tambayi mai suyar ko ƙosan ma tsoro yake ji. Daga nan kwalta ta ƙare, muka shiga yashi.

Ƙauyen yana kwance cikin kwari, tudu hagu, tudu dama, busasshen rafi ya ratsa tsakiya. Kan tudun duk ƙaya da farar ƙasa. Amma a cikin rafin na ga mata sun tona yashi kamu biyu, ruwa yana tsattsafowa.

Wani tsoho mai rumbuna uku ya sayar mini da dawa, bai ko ja farashi ba. Sai na hango damman gero rataye a rufin zaurensa, zangarku dogaye, cike da ƙwaya. Na taya.

"Wancan iri ne, Alhaji," in ji shi.

Na ce, "Baba, ai tashi za ku yi. A Kaura kan siminti za ka shuka shi?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wa ya ce maka muna tashi?"

Ya ce kakanninsu daga arewa suka gangaro a shekarar yunwa, da irin nan cikin gora. Inda suka tona yashi suka ga ruwa, nan suka sauke kaya. Tun daga lokacin, kowace kaka magidanci yakan zaɓi zangarniya mafi kyau ya rataye. A nan duk wanda ya sauke damen irinsa ya sayar, ya yi wa gari ban kwana ke nan. An kwashe musu shanu, an ƙona rumbuna, amma babu zauren da aka sauke dame.

Na ninka tayi. Ya yi dariya. "Ko motar ga ka haɗa."

Kafin la'asar muka shigo Kaura, rabin mota wayam. Na tafi cin ribar gudunsu, na tarar ba su da niyya. Ragowar buhunan a zaurensa na bar su. Da kaka zan koma in cika, a farashin da ya faɗa.