Turmin Da Aka Ɗaure Da Igiya

Shekaru sun fara kwashe mini abubuwa daga ka, har wani lokaci in shiga ɗaki in tsaya ina tunanin abin da ya kawo ni. Amma ranar da na ga turmi a ɗaure da igiya kamar akuya, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan. Ba na jin za ta bar raina har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin mun daɗe a Kazaure muna zaman haya. Daga wani ƙauye na ƙasar Gwiwa muka taso, maigidana yana harkar hatsi, yana saro gero da wake a Babura yana kawowa. Ɗaki ɗaya da 'yar rumfa muke ciki, mu da yaranmu, a gidan da kowace ƙofa da nata iyalin. Wanda bai yi zaman gidan haya ba bai gama sanin haƙuri ba. Amma duk cikin wahalhalun babu wanda ya ci mini rai kamar ruwa. Rijiyar gidan tun kafin bazara take ƙafewa, sai layin famfon tuƙa-tuƙa, inda na yi faɗan da ba ya ƙirguwa. Ni dama ba a san ni da haɗiye magana ba. In kika tsallake bokitina, a nan za ki ji ba sai an kai miki gida ba.

Da muka yanke shawarar mallakar namu, maigidan ya sayar da gonarsa ta gado, ni kuma na sa aka kai saniyar da mahaifiyata ta bar mini kasuwa, da ɗan maraƙinta. Aka haɗa wuri ɗaya. Iyakar abin da muka mallaka ke nan a duniya, in ya tafi babu wani a bayansa. Na ce masa, "Malam, ka zaɓi unguwar da ta yi maka, gabas ko yamma, ba ruwana. Sharaɗina ɗaya ne. Ka kai ni inda akwai ruwa. Na gaji da ɗaukar jarka a ka kamar wadda aka yi wa baki."

Ba a jima ba ya haɗu da wani dillalin gidaje, dogo, mai hula a karkace da baki kamar an shafa masa zuma. Shi ya kai mu wata sabuwar unguwa a gefen gari, ana tsakiyar zafin bazara. Ina shiga gidan na ji zuciyata ta zauna. Ginin bulo ne da rufin kwano, tsakar gida da daɓen siminti, bango ya sha sabon fenti, daga ƙasa zuwa ƙugu kore shar, daga nan zuwa sama fari. Ga rijiya a kusurwa. Dillalin ya zura guga, igiyar ko rabi ba ta tafi ba muka ji ya taɓa ruwa.

"Hajiya, kin gani da idonki," in ji shi. "A wannan zafin ke nan fa."

Na ce, "Ban je Makka ba tukuna, bar ni da sunana. Ruwan nan ba ya yankewa?"

Ya dafa ƙirji. "Wallahi tallahi, a unguwar nan ba ku ne za ku je neman ruwa ba. Ruwa ne zai zo ya same ku har gida."

Maigidan ya dube ni yana murmushi, irin na mutumin da ya gama da wata rigima. A ranar ya ba da kafin alƙalami, aka sa Juma'a mai zuwa za a haɗu a zauren mai unguwa da shaidu a ƙarasa ciniki. Ni kuwa na kwana ina jera kwanukana a gidan cikin zuciyata.

Abin da ya mayar da ni unguwar ba zargi ba ne, kada in yi wa kaina kirarin da ban kai ba. Maƙwabta na je gani. Na ce tunda zaman har abada ne, gara in san da su wa zan zauna, in ma faɗan ne in san da wa zan yi. Washegari da na taso daga makarantar manya, don a shekarun ne na fara koyon karatun boko da furfurata, sai na tari adaidaita sahu na wuce can ni kaɗai. Maza dai iyakarsu ƙofar gida, amma mace da sallamarta babu gidan da ba za ta shiga ba.

Gidan farko, saura kaɗan in kifa, don dokin ƙofarsu ya kusa kai mini gwiwa. Na ce a raina, wannan magini da mugunta yake. Wata yarinyar amarya ta ba ni ruwa na sha, muka gaisa, na fito. Gida na biyu ma haka, sai da na tattare zane na tsallaka. A nan na tarar da wata dattijuwa a gindin bishiyar zogale tana tsince shinkafa a faifai. Ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, na ce mata ni ce mai shirin tarewa a gidan nan mai koren fenti.

"Ayyo," ta ce. "To, Allah ya sa alheri." Ta ci gaba da tsintarta.

Ina zaune ina ƙare wa gidan kallo, kun san halinmu. Ta labulen ɗakinta na hango gado a ɗore bisa bulo, kowace ƙafa da nata. Buhun hatsinta yana can bisa wani katako kusa da rufi. Sai idona ya faɗa kan turmi. Turmi ne babba na kirya, an zagaya ƙugunsa da igiya an ɗaure a jikin zogalen tamau, taɓaryar ma an soke ta a cikin ɗaurin.

Dariya ta kama ni. Na ce, "Inna, turmin naki gudu yake yi ne, aka ɗaure shi?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yana yi mana, 'yar nan. Bara a bayan makarantar firamare muka tsinto shi. Wancan da ya riga shi kuwa har yau bai dawo ba."

Na daina dariya, na ce, "Wa ya kai shi?"

"Wanda yake kai su duk shekara." Ta feƙe shinkafar, ta hure ƙaiƙayin. "In marka ta kankama, duk ruwan da ya sauko daga duwatsun can nan ne masaukinsa. Mu da muka riga muka gina, ina za mu? Sai mu ɗaga gado, mu ɗaure turmi, mu roƙi Allah."

Na ce, "To gidan da za mu saya fa?"

A nan ta dube ni ido cikin ido. "Mai gidan nan maƙwabcina ne, ni na yi wa matarsa wankan jego. Ba a hana mutum cin abincinsa. Ni ban ce miki komai a kan gidan kowa ba. Turmi kika tambaya, turmi na ba ki labari."

Na yi mata godiya na fito. Na tsaya a bakin hanya na dubi unguwar da sabon ido. Ashe kwari ce, ko'ina gangarowa yake yi zuwa cikinta kamar ƙwarya. Na dubi gidan namu, na ga inda koren fentin ya tsaya, daidai ƙugu. Sai a lokacin na gane ba ado ba ne, shaidar ruwa aka rufe.

Da maigidan ya dawo na bari ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan na zayyana masa. Ransa ya ɓaci, ba da dillalin ba, da ni.

"Ke kika ce ruwa, an samo miki ruwa. Yanzu kuma turmin wata tsohuwa ne zai rushe mini ciniki? Na ba da baki a gaban mutane. So kike a ce ni ƙaramin mutum ne?"

Na ce, "Gara a ce maka ƙaramin mutum kana bisa tudu, da a ce maka dattijo ana tsamo ka da gora."

"Daga fara a, ba, ca jiya-jiya, har kin zama injiniya?"

"Wannan ba a allo na gani ba, Malam, a tsakar gidan mutane na gani, inda kai ba ka isa ka shiga ba. Kuma saniyar uwata tana cikin kuɗin nan. Ban yarda a kai ta kwari a jiƙa ba."

Ya tashi ya fita.

Ranar Juma'a da hantsi dillalin ya zo a babur zai ɗauke shi zuwa zauren mai unguwa. Ina jin sallamarsa na zura hijabi na riga maigidan fita. Maƙwabtanmu na gidan haya suna zaune a dakali, ban damu ba.

Na ce, "Malam dillali, tambaya ɗaya gare ni, kuma ka ji tsoron Allah, yau Juma'a. Ruwan nan da ka rantse zai zo ya same mu har gida, ta famfo yake zuwa ko ta ƙofa?"

Ya gyara hula. Ya dubi maigidan, ya dubi 'yan dakali. "Haba Hajiya, ai ruwa duk ruwa ne. Rahamar Allah ce."

"Na sani. Rahamar nan, in ta zo, iya ina take tsayawa? Gwiwa ko ƙugu?"

"To, shekara dai ba ɗaya ba ce da shekara..."

Wani tsoho a dakalin ya fashe da dariya har da buga sanda. Fuskar maigidan ta yi nauyi. Can ya ce wa dillalin, "Je ka, na fasa." Kafin alƙalamin dai ya tafi ke nan, ko ƙwandala ba a dawo mana da ita ba. Shi kuwa dillalin, in za a bi gaskiya, bai yi rantsuwar ƙarya ba. Mu ne muka ji abin da muke son ji.

Kada ku ɗauka daga nan aka yi ta yi mini tafi. Labari ya zaga kasuwa, abokansa suka sa masa suna mijin-ta-ce. Abin da ya rage a hannunmu bai kai mu ko'ina ba sai wani tsohon gidan ƙasa a wata tsohuwar unguwa da ke gindin dutse, ƙasar duk tsakuwa, ba rijiya ba alamarta. 'Yan garuwa ma sai an roƙe su suke turo kura zuwa can, don hawa ne. Wato abin da na gudu shi na tarar yana jirana da tabarma. Duk ranar da maigidan ya ga na dawo da jarka a ka ina haki, sai ya ce, "Sannu, injiniya. Ga tudu nan, sai ki ɗiba ki sha." In mayar masa, ya mayar mini. Gidan ya zama ba daɗi. Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noman fari, babu abin da ya faru. Muka ji wani baƙo daga wajen Roni ya sayi gidan mai koren fenti har ya tare da iyalinsa. A gaban maigidan ban taɓa nuna na karaya ba, amma in na kwanta sai in ce, anya ban cuci 'ya'yana a kan zancen turmi ba?

Sai marka ta zo. Wata safiya aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba har bayan azahar. A wajenmu ruwan wucewa kawai yake yi ta lungu, ja wur, yana gangarawa ƙasa da gudu. Rufinmu ya yi yoyo, na jera kwanuka, iyakar abin da ya same mu ke nan. Da aka ɗauke, sai muka ji ana ta kiran mutane a kai ɗauki can gefen gari. Maigidan ya saɓa babbar riga ya bi su.

Sai dab da magariba ya dawo, jiƙe sharkaf har ƙirji, wandonsa duk taɓo, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki. Yaran suna wasa a tsakar gida, ƙaramar tana tsalle a ɗan ruwan da ya taru. Ya daɗe yana kallonsu.

Can ya ce, "Ɗakin gabas na gidan nan mai koren fenti ya zube gaba ɗaya. Ruwa ya ci gindin ginin." Ya sake duban yaran. "Nan na yi niyyar sa yaran nan."

Na yi wata da watanni ina wasa maganar da zan gaya masa in wannan rana ta zo, na tanade ta kamar wuƙar layya. Amma wallahi ko kalma ɗaya ban samu ba. Na zauna a ƙasa na tambaye shi.

"Mutanen gidan fa?"

"Allah ya kiyaye, an fitar da su kafin ya faɗi. Ba a rasa rai ba a duk unguwar. Suna makarantar firamare, ba su tsira da komai ba sai kayan jikinsu." Ya share fuska da tafin hannu. "Akwai sauran gero a gidan nan?"

"Akwai."

"Ɗora babbar tukunya. Ni zan kai." Har na miƙe sai ya ƙara da cewa, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Gobe kada ki ɗauki jarka. Zan yi magana da mai kura ya riƙa kawowa kullum, ko nawa ne."

A wurin mutum irinsa, wannan ya fi ban haƙuri dubu. Na hura wuta ina hawaye, na ce hayaƙi ne.

Har yau a gidan nan na gindin dutse muke, mun ja bulo, mun ƙara ɗaki, a nan na aurar da 'ya'yana. Abin da na koya, kuma nake gaya wa duk mai neman wurin zama, shi ne: abin da ka fi ƙishirwa da shi, da shi ake kama ka, don haka a kansa za ka fi tsananta tambaya. Kuma kada namiji ya sayi gida da ganin idonsa kaɗai, don shi bango yake gani. Ya tura matarsa ta shiga maƙwabta ta sha ruwa, ta zauna, ta kalli yadda suke ajiye kayansu. Mutanen kirki ba za su ɓata cinikin maƙwabcinsu da baki ba, amma tsakar gidansu ba ta iya ƙarya.