Gwaggo Hajo da Ɓawon Ƙwai

Duk wanda ya taɓa soya ƙwai a gidanmu na Unguwar Rogo ya san dokar Gwaggo Hajo, yayar babanmu: ka ci ƙwanka lafiya, amma ɓawon nata ne. Ko tana ɗaka ta ji an fasa ƙwai, sai ka ga ta leƙo da ƙwaryarta.

Ɗan Gata ne ya jawo mana wannan, wani ɗan mage da ta tsinta a bakin kwata. Don tsabar so, hanta da tsoka kawai take ba shi, ita tana cin tuwonta da miyar kuka. Wata rana ya diro daga gado ya kasa tashi, ƙafafunsa na baya sun lanƙwashe. Ta sa shi a kwando, na raka ta wajen likitan dabbobi, Dokta Bulus.

Ya duba shi ya ce, "Mama, nama zalla ba ya gina ƙashi. Kalshiyam ne ya yi masa ƙaranci."

"Mi ak kalshiyam? Ina aka ganin shi?"

Ya ce shi ne ke ƙarfafa ƙashi, kuma magen da ke farauta daga ƙashin ɓera take samunsa. Gwaggo ta ce, "Ashe ɓera ya hi ni iya kiwo."

Likita ya ce ta dafa ɓawon ƙwai, ta shanya, ta daka ya yi laushi, ta riƙa barbaɗa ɗan kaɗan a abincinsa, don yawansa ma illa ne. Ni na miƙe, ita ko motsi ba ta yi ba.

"To ita kaza, ina tas samo shi?"

"Daga abin da take tsattsaga a ƙasa."

"Ita ƙasa hwa?"

Dokta Bulus ya leƙa waje ya kira mai akuyar da ke bayanmu.

Ƙwan gidanmu bai ishe ta ba, don haka kullum da hantsi take zuwa wajen mai shayin bakin titi ta kwashe ɓawonsa. Kun dai san unguwarmu. Tsohuwa na tara ɓawon ƙwai tana daka, ga mage da ya gurgunce ya tashi yana hawa katanga. Nan da nan aka ce asiri ne. Har wata maƙwabciya ta shigo da ɗanta da ya makara bai fara tafiya ba, ta rage murya ta ce, "Inna, a taimaka mana da garin nan."

Gwaggo ta ƙare wa yaron kallo. "Ɗan naki mussa na? Yana da wutsiya irin ta Ɗan Gata? Tashi ki kai shi asibiti." Ba ta yarda matar za ta je ba, sai da ta yafa mayafi ta raka ta.

Shekarar da ta zame a bayi ƙugunta ya karye, ni na kwana da ita a asibiti. Aka kawo wasu fararen ƙwayoyi, ta ce ba ta sha sai an gaya mata sunansu. Nas ta ce kalshiyam ne. Gwaggo ta yi dariya har ciwon ya tsayar da ita.

"Ɗiyata, kada ki hwaɗa ma Ɗan Gata. Za ya raina ni, maganinmu guda."

Daga wannan kwanciya ba ta ƙara takawa ba. Ranar da aka fita da ita, Ɗan Gata ya bi makara har ƙofar gida, ya zauna a nan, bai ci komai ba sai washegari.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Hajo. Yadda ta tausaya wa abin da ba shi da bakin roƙo, Allah Ya tausaya mata, Ya sa ta huta.