Mai karɓar wasiyya a emajansi

Malam Mika'ilu ba likita ba ne, ba nas ba ne, ko allura bai taɓa yi wa kowa ba. Aikinsa ɗaukar mutane. Idan mota ta tsaya a ƙofar emajansi na wani asibiti a Dutse, shi ke sa hannu ya ciro wanda hatsari ya kakkarya, ya ɗora a gadon turawa, ya shigar. Shekara ashirin da bakwai yana wannan, har kafaɗarsa ta dama ta karkace.

A wata ruga kusa da Miga aka haife shi. Ciwon huhu ya share shanun ubansa cikin damina biyu, uban kuma bai daɗe ba ya bi su. Sai ya riƙo hannun mahaifiyarsa Dada suka shigo Dutse, ya kama ɗaki a Yalwawa, daga baya ya yi aure. 'Ya'ya tara Dada ta haifa, shi kaɗai ya rage mata. A shekarar da nake ba ku labari ta haura tamanin, ido ya dushe, ƙirji yana kuka idan ta yi tafiya kaɗan. Kullum da yamma shi ke dama mata fura, kuma ba ta sha sai ya fara kurɓa ya miƙa mata ludayin. Tun a ruga haka suke.

Ban da ɗaukar mutane yana da wani aikin da ba a rubuta a takardarsa ba. Shi kaɗai ke jin Fulatanci a sashen, don haka idan aka kawo mutumin daji ya fara magana cikin ciwo, shi ake kira. Mai mutuwa kuwa ba shi da murya. Sai ka durƙusa ka kai kunne bakinsa, numfashinsa na dukan kuncinka, sannan ka ji abin da yake son a faɗa wa nasa. Mika'ilu ya karɓi wasiyya ba adadi, kuma kowacce ya isar, ko da zai hau mota ranar hutunsa. Yakan ce amana ce, wanda ya ji ya ɗauka.

Da korona ta shigo, aka kwashe rigunan kariya da gilasan fuska aka kai cibiyar killacewa. Emajansi aka bar su da takunkumi ɗaya a kwana uku. Wai a lissafin masu rabon, wanda mota ta taka ba ya ɗauke da wata cuta sai karaya. Kai ka ji hankali. Wa zai tsaya tambayar mutumin da jini ke zuba daga kansa ko yana tari?

Mika'ilu ya tsorata, ba don kansa ba. Idan ya koma gida sai ya tsaya a zaure ya tuɓe kayan aiki, ya jiƙa su a bokiti, ya yi wanka, sannan ya shiga. Ludayin ne ya gagara. Ranar da ya kawo ludayi biyu, Dada ta laluba ta ji, ta ture ƙwaryar.

"Yau kuma ni ake ƙyama?"

"Ba haka ba ne, Dada, cutar nan ce."

"Na ga annobar da ta fi wannan. Sha ka ba ni."

Ya sha ya ba ta. Bafulatani ne, bai san yadda ake musu da uwa ba.

Ranar goma ga azumi, bayan azahar, taya ta fashe wa wata akori-kura da ta taso daga kasuwar Shuwarin. Mutum goma sha ɗaya aka kawo. A cikinsu akwai wani dattijo mai fataucin shanu, Idirisu, ƙirjinsa ya lotsa. Sista Justina, shugabar sashen, 'yar Filato ce da ta yi shekara goma sha biyar tana aiki da Mika'ilu, ta taɓa wuyan dattijon ta janye hannu.

"Baba Mika'ilu, kada ka matsa kusa. Jikin nan zafi rau, kuma ba na hatsari ba ne."

Amma dattijon ya riga ya kama masa riga, leɓensa na motsi. Mika'ilu ya yi masa magana ta cikin takunkumi, bai ji ba, sai zare ido yake yana kallon fuskar da aka rufe. Mika'ilu ya ja takunkumin ƙasa ya durƙusa. Dattijon ya ce a faɗa wa ɗansa Uwaisu, wanda ya kora shekara huɗu da suka wuce, ya yafe masa, ya dawo ya riƙe gida. Daga nan tari ya sarƙe shi, ya feshe fuskar Mika'ilu da yawu da jini. Kafin la'asar ya cika.

Sista Justina ta sa aka ɗauki samfurin gawar. Ta ja Mika'ilu gefe, idonta ya yi ja.

"Baba, don Allah ka kwana a nan har sakamako ya fito. Zan sa maka katifa a sito."

"Sista, tsohuwa na azumi. In ban je ba, ba za ta sha ruwa ba."

"To ka tsaya daga nesa."

Ya ce to. Ya wanke fuska da sabulu har sau uku, ya tafi. Bai tsaya daga nesa ba, kuma ni ban ga yadda zai yi ya tsaya ba. Kwana huɗu suna buɗa-baki da ludayi ɗaya. A na biyar sakamako ya fito, dattijon yana da cutar. Aka gwada Mika'ilu, shi ma haka, aka tafi da shi cibiyar killacewa daga wurin aiki, ko gida bai koma ba.

Abin haushin, shi 'yar mura kawai ya yi. Yana zaune garau, har ya samo lambar Uwaisu ya isar da saƙon ta waya. Ran da ya kwana shida a cibiyar matarsa Sa'adiyya ta kira, ta ce Dada numfashi na yi mata wuya, kuma ta ƙi a kai ta ko'ina, ta ce ɗanta take jira. Ya roƙi ma'aikata su bar shi ya je ko na minti goma. Suka ce doka ce, kuma da gaskiyarsu. Washegari da hantsi Dada ta rasu. Maƙwabta suka kai ta makwanci, yana zaune a bakin gado da waya a hannu.

Bayan an sallame shi ya dawo Yalwawa, ya zauna a ƙofar ɗakinta bai shiga ba. Da masu gaisuwa suka watse ya kira matarsa.

"Ta bar magana?"

Sa'adiyya ta sunkuyar da kai. Bahaushiya ce haihuwar unguwar Takur, Fulatancinta bai wuce gaisuwa ba.

"Ta yi magana mai tsawo, Malam, tana riƙe da hannuna. Hausar ta ɓace mata gaba ɗaya. Na aika a nemo mai ji, kafin a dawo ta cika."

"Ba ki kama komai ba?"

"Sunanka kawai. Sau uku ta faɗa."

Shi ne ɗan farinta, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya sa Sa'adiyya ta maimaita masa abin da take iya tunawa na sautin maganar, ta gwada, ba ta haɗa ko kalma ɗaya ba. Ya ce ta bari haka nan.