Munzali Bahago, Wanda Ba Ya Cin Gyaɗa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tukubar Amadu mai tsire a Sandamu ya san ɗansa Munzali, Allah ya jiƙansa. Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, hancinsa a karkace, kuma idan ya yi dariya sai ka ga giɓin haƙora biyu a sama. A filin dambe Bahagon Sandamu ake kiransa. A gida kuwa mahaifiyarsa Haulatu ba ta san shi da wani suna ba sai Auta, ko da yake sai ya sunkuya yake shiga ɗakinta.

Abin da ya bi shi har kabari ya fara ne ranar yaye. Aka dama kunun gyaɗa aka ba shi, kafin a wanke ludayin fuskarsa ta kumbura, idanunsa suka shige, numfashinsa ya koma kamar kukan ɗan tsako. Matan gida suka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka yi tofi, Allah ya sa da sauran kwana. Haulatu dai ta lura, ba ta sake bari gyaɗa ta kusance shi ba. To amma gidan mai tsire gidan ƙuli-ƙuli ne. Da shi ake haɗa yaji, da man gyaɗa ake shafa nama. Da yaron ya tasa, uban ya ce ya zo ya riƙa barbaɗa yaji a tsinke, ya ƙi, ya ce hannunsa na ƙaiƙayi. Amadu mutum ne mai zafin zuciya. Ya ja shi tsakar gida, ya ciro igiyar ɗaure shanu ya zane shi har bayansa ya fashe, sannan ya danne shi da gwiwa ya ɗura masa yaji a baki, yana cewa, "Ɗan mahauci ne kai ko ɗan gwamna?"

Nan take yaron ya sandare, leɓɓansa suka yi baƙi ƙirin, yana ta yakushin wuyansa. Sabiru, ɗan maƙwabta kuma tsaransa, yana leƙe ta zaure, kuma bai taɓa mantawa da yadda Amadu ya zube ƙasa ya ɗora hannu a ka ba. Yaron ya tashi wannan karon ma. Uban bai sake dukansa ba, bai kuma sake tayar da zancen ba har ya rasu. Kunya ta rufe bakin gidan, maganar ta tsaya tsakanin uwa da ɗa da Sabiru.

Aka mayar da shi kwata, nesa da yaji. Can ya koyi kayar da sa, da fiɗa, da saɓa cinya a kafaɗa. Can kuma damtsensa ya cika, musamman na hagu. Dambe gadon mahauta ne, saboda haka ba wanda ya yi mamaki da ya fara shiga fili. Sabiru, wanda a lokacin ya zama ɗan acaɓa, shi ke kai shi ko'ina ake wasa, shi ke naɗe masa hannu da zare.

Farkon dambensa ba abin faɗi ba ne. Yau ya yi kisa, wato ya kai abokin karawa ƙasa, gobe a kashe shi kamar bai taɓa shiga fili ba. Wani lokaci tun a turmin farko za ka ga yana haki, idonsa na hawaye, hannunsa ya yi nauyi. Ya daina cin gyaɗa tun yana yaro, amma ƙosai da waina da soyayyen dankali na bakin tasha bai ɗauke su a bakin komai ba. Wata rana a Daura ya ci waina da rana, da yamma aka haɗa shi da Dabo na Kongolam, wani gajere mai wuya kamar turmi. Dabo ya gane ba shi da numfashi, ya ƙi gamawa da shi da wuri. Ya karya masa hanci da naushin farko, ya bar shi yana shaƙar jininsa, ya zagaya, ya dawo ya zubar masa da haƙora biyu, sannan ya kwashe shi da ƙafa. Sabiru ne ya tsince haƙoran a ƙasa.

Ma'aikacin asibitin da ya ɗinke masa leɓe ya ga ƙurajen da suka feso masa a wuya da ƙirji, ya tambayi abin da ya ci. Da ya ji tarihin, ya ajiye allura ya ce, "Jininka ne ba ya shiri da gyaɗa, har da man gyaɗar, musamman wanda mata ke matsewa a gida. Kaɗan zai hana ka numfashi. Idan ya yi yawa, kuma ka motsa jiki a kai, maƙogwaronka zai rufe. Ba a warkewa, kiyayewa ake yi."

Daga nan Munzali ya zama wani mutum. Tuwon gero da miyar kuka da man shanu, daga hannun uwarsa, daga baya daga hannun matarsa Rauda. Nama dafaffe, ba gasasshe ba. Dabino a aljihu. Idan tafiya ta kama, fura da nono kawai, don ita ce abu ɗaya da ba a sa mata gyaɗa. Kafin kaka ta zagayo ƙirjinsa ya buɗe. Yakan yi turmi uku yana rawa kamar yanzu ya shigo, kuma hagunsa idan ta sauka a muƙamuƙi sai dai a zo da ruwa. Ya bi ƙauyukan ƙasar Daura yana zubar da maza. Da aka sake haɗa shi da Dabo, bai yi masa wulaƙanci ba, naushi ɗaya ya yi masa a haƙarƙari, aka ji ƙas har wajen makaɗa, Dabo ya durƙusa yana tofar da jini. Munzali da kansa ya tallafe shi zuwa gefe.

Mutane suka lura ba ya cin abincin kowa, kuma ko farantin gyaɗa aka wuce da shi sai ya kau da kai. A wajen 'yan dambe wannan ba baƙon abu ba ne. Kowa ya san mai ba da asiri yakan gindaya sharaɗi, wani a hana shi kuɓewa, wani a hana shi naman akuya, ranar da ya ci, maganin ya karye. Sai zance ya bazu cewa Bahago ya samo asiri daga wani tsoho a hayin iyaka, kuma makarinsa gyaɗa ce.

"Kai mutumina, ka gaya musu gaskiya mana," Sabiru ya ce wata rana yana naɗe masa hannu.

"In ce me? In ce ɗan Amadu mai tsire, ƙuli-ƙuli na kayar da shi? Gobe yara su riƙa jifana da gyaɗa a kasuwa."

"Ai gara jifa."

"Bar su kawai. Wanda ya shigo fili yana tsoron layata, na gama da rabinsa kafin in ɗaga hannu. Kai dai matse zaren nan, naɗinka kamar na ɗaurin ɗankwali."

"Ɗankwalin da ya karya haƙarƙarin Dabo ba."

Munzali ya yi dariya har giɓinsa ya fito. Haka yake. Mutumin da ke fasa fuskar maza, amma idan 'yarsa Zinariya ta yi tari sai ya kasa cin abinci.

Bayan girbin bara mutanen Kongolam suka shirya wasa ranar kasuwa, suka aiko a gayyaci Bahago, Dabo ya warke yana neman fansa. Mai masaukin baƙi shi ne Hamma, kawun Dabo, tsohon ɗan dambe da ya koma sayar da dabbobi. Ya tarbe su da fara'a, ya shimfiɗa tabarma a rumfarsa, aka kawo shinkafa da soyayyen nama. Munzali ya yi godiya ya ce ya ƙoshi. Ana sallame la'asar, makaɗa sun fara ɗumama kalangu, sai Hamma ya fito da ƙwarya a hannunsa, a gaban jama'a.

"Ɗana, shinkafata ka ƙi, namana ka ƙi. Fura ma za ka ƙi? A ce baƙo ya zo Kongolam ya shiga fili da yunwa?"

"Baba, me ke ciki?" Sabiru ya tambaya.

"Me ake sawa a fura? Gero ne da nono da kayan yaji. Ko a Sandamu da wani abu kuke damawa?"

Aka yi dariya. Dattijo ne, a tsaye, da ƙwarya a hannu, ba a mayar da irin wannan hannun. Munzali ya karɓa ya yi bisimilla ya kafa kai. Furar ta sha citta da kanumfari da barkono fiye da kima, shi ya sa bai ji ɗanɗanon ƙulin da aka daka a ciki ba.

Sabiru bai gama naɗin hannu ba ya ga abokinsa na sosa wuya. Ya ɗaga kai, ya ga leɓen ya fara tashi. Ya san wannan fuskar tun daga zauren gidan Amadu.

"Munzali. Sun sa."

"Na ji."

"Tashi mu tafi. Babur na nan bayan rumfa."

A daidai lokacin makaɗi ya juya kalangu zuwa taken Bahago, maroƙi ya fara kirarinsa, fili ya ɗauki sowa. Dabo na tsakiya ya miƙa hannu yana nuno shi. Duk ɗan damben da aka buga takensa ya juya baya, ya gudu ke nan, kuma har jikokinsa sai an yi musu gori. Hanya ɗaya ce ta fita da mutunci, ya tsaya ya faɗa wa jama'a cewa ba shi da wani asiri, ciwo ne da shi.

"Bari ni in faɗa musu," Sabiru ya ce. "Don girman Allah. Don Zinariya."

"Turmi ɗaya," in ji Munzali. Muryar ta riga ta shaƙe. "Tayar da babur ka jira ni."

Ya shiga. Dabo ya ga idanun sun kumbura, ya ji numfashin na yin fito, ya tabbata asiri ya karye. Ya afka masa. Naushin farko ya sami Munzali a kunne, na biyu ya sake buɗe tsohon ɗinkin leɓensa, jini ya wanke masa ƙirji. Ya yi tangaɗi amma gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Dabo ya harbe shi a ciki, ya bi shi da naushi a gira, fatar ta tsage ta rufe masa ido ɗaya. Mutanen Kongolam na tsalle. Munzali bai kai hannu ko sau ɗaya ba, bakinsa a buɗe yana neman iskar da ta ƙi shiga, hagunsa a ɗage can baya. Da Dabo ya saki jiki ya taho da na gamawa, sai ya ɗan kauce ya sake ta. Ta sauka ƙarƙashin haɓa. Ƙafafun Dabo suka bar ƙasa, ya faɗi da ƙeya, muƙamuƙinsa ya goce gefe guda.

Fili ya kaure. Munzali ya taka kamar zai fita, ya durƙusa, ya kifa goshi a ƙasa. Wasu suka ɗauka sujadar godiya yake yi, maroƙi ma ya ƙara murya. Sabiru ne kaɗai ya kutsa yana ture mutane. Ya juya shi, fuskar ta cika ta yi baƙi, harshen ya cika bakin. Aka taimaka aka ɗora shi a babur, amma ba ya iya riƙe kowa. Sabiru ya warware zaren hannun, ya goya shi a baya, ya ɗaure su tare a ƙirji, ya nufi asibitin Mai'aduwa.

Yana jin bugun ƙirjinsa a bayansa, yana jin fiton numfashin a kunnensa. Yana tuƙi yana yi masa magana, yana cewa saura kaɗan, yana maimaita masa kalmar shahada. Kan ya kwanto a kafaɗarsa kamar na yaron da barci ya ɗauka. Kafin su hango ginin asibitin fiton ya tsaya. Sabiru bai rage gudu ba har sai da ya kai ƙofa.

Hamma ya zo ta'aziyya Sandamu. Ba wanda ya kira shi, kuma an yi ta rirriƙe samarin kwata da suka fito da wuƙaƙe. Ya roƙi a bar shi ya ga uwar mamacin. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, tsoho da furfura, yana kuka.

"Wallahi, Inna, asirin kawai na so in karya. Haka ake yi tun muna yara. Maganin ya karye, a kashe shi a fili, ya tashi ya kaɗe wandonsa ya tafi gida. Ban nufe shi da komai ba bayan wannan."

Haulatu ta dube shi. Zinariya na kwance a cinyarta.

"Wane asiri?" ta ce. "Auta ko laya bai taɓa ɗaurawa ba. Gyaɗa ce ba ya iya ci, tun ranar da na yaye shi."

Hamma ya dubi Sabiru, Sabiru ya gyaɗa kai. Sai da aka kama tsohon aka fitar da shi.

Dabo bai sake dambe ba, da ƙyar yake tauna. Sabiru ma bai sake zuwa fili ba. Yana nan yana acaɓarsa tsakanin Sandamu da Daura, kuma shi ke kai Zinariya makaranta. Tun ranar farko ya shiga ya sami malamai da mai sayar da abinci a bakin ƙofa, ya gaya musu a fili, kowa na ji, cewa yarinyar nan ta gaji ubanta, kada a ba ta gyaɗa ko abin da aka soya da man gyaɗa.

Allah ya jiƙan Munzali ɗan Amadu, ya yalwata masa kabarinsa, ya raya abin da ya bari.