Abin da Kawu Yake Ji a Mota

Ƙarfe huɗu na yammacin wata Juma'a aikin ya fara lalacewa, amma a lokacin ban sani ba. Ina ajin ƙarshe a jami'a a Doha, an ba mu bincike kan masu sauraron rediyo. Na zaɓi Hausawan da ke aiki a nan: me suke kamawa ta waya daga tashoshin gida? A kan wannan aikin za a ba ni makin kammalawa.

Ba na iya tare baƙon namiji in yi masa tambaya. Sai na roƙi wani direba ɗan garinmu, abokin babana da nake kira Kawu, ya tara min mutane a unguwar Asian Town. Ran Juma'ar nan ya taro masu gadi da direbobi, suka zauna a inuwa. Don girmamawa na fara da dattijon cikinsu.

"Wa'azi da labarai, 'yata," in ji shi.

Na kusa da shi ya ce haka, na gaba ma haka, har Kawu. Na yi murna da amsoshin suka zo ɗaya. Na tsaya gaban aji na ce mutanenmu ba ruwansu da waƙa. Malamarmu ta tambaya ko kowa a keɓe na ji shi. Na sunkuyar da kai na ce a'a. Ta ce in sake dubawa kafin in miƙa. Na ji haushi, don na ƙirga amsoshin nan na kuma ƙirgawa.

A ranar, Kawu ne ya zo mayar da ni gida, unguwar Al-Sadd. Yana tayar da mota wayarsa ta haɗu da lasifika. Kiɗa ya cika motar, shirin zaɓen gaisuwa ne daga gida. Wata mata tana gaida maigidanta da ke Ƙatar, a sa masa waƙar da yake so. Kawu ya kai hannu zai kashe, ya fasa. Sai da ta gama ya rage sauti.

Kunya ta hana ni kallonsa. Mun kusa gida na ce, "Kawu, ai wa'azi ka ce min."

Ya yi dariya. "Wa'azin ma ina ji, wallahi. Amma a gaban dattijo kika tambaye ni, ga ki sa'ar 'yata. In ce miki duk mako zama nake ina jiran matata, gwaggonki, ta kira rediyo? Da a motar nan kika tambaya, da kin ji da kunnenki."