Yayana Mai Zuwa Dubiyar Keke

Da damunar nan yayana, Malam Hammadu makanike, ya cika shekara bakwai da rasuwa. Allah Ya jiƙansa da rahama. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in sa a dama kunu a raba, in je maƙabarta in yi masa addu'a, in dawo kan harkar taki da irin shuka da nake sayarwa a kasuwar Azare ba. Bana kuwa na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga shago sai in ji kamar ana kirana a waje, in na fita in rasa abin da na fito yi. Har uwargida ta tambaye ni ko cinnaka ne ya shiga rigata. Ba cinnaka ba ne, garejin da Yaya ya bari ne ya hana ni sukuni.

Da gyaran babur ya fara, a gindin wata bishiyar maina. Da keke mai ƙafa uku ya shigo garin nan, yana cikin na farkon da suka kwanta a ƙarƙashinsa. Na tuna lokacin da dilan kekunan ya kira makanikai horo a Kano. Sa'o'insa suka ce su da suka yi furfura da sifana a hannu, wane yaro ne zai koya musu kwance inji? Shi kuwa ya ɗauki jakarsa ya tafi, ya zauna a benci ɗaya da waɗanda ya haifa, ya yi ta jefa tambaya har malamin ya fara duba agogo. Da ya dawo abin da ya ce da ni shi ne, wanda ya ƙera abu ya fi ka sanin cikinsa. Na faɗi wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka labarin tsohon da ke gaba da ilimin zamani zan bayar. Yaya ba ya cikinsu.

Amma akwai wani abu da yake yi wanda ba a Kano ya koyo ba. Duk keken da ya gyara, bayan 'yan kwanaki sai ya wanke hannu, ya sa hularsa, ya nufi tashar da mai keken yake lodi. Ba ya ɗaukar ko sifana ɗaya. Ya yi sallama, ya shige kujerar baya cikin fasinjoji, ya ce a ja. Can a hanya sai ka ji ya ce, "Taka birki." An jima kuma, "Saki, ba shi wuta." Yana zaune ya karkata kai yana saurare, mata da kwandunansu suna kallonsa suna ƙunshe dariya. Shi da kansa ya sa wa abin suna dubiya. Ya ce wanda ya ba mara lafiya magani bai gama aiki ba sai ya je ya ga yadda ya kwana.

Ni a lokacin haushi abin yake ba ni. Ga aiki jibge a gareji, maigida yana can yana yawo a bayan keke kamar mai neman aure. Wata rana na kasa haƙuri na ce masa, "Yaya, in gyaran bai yi ba ai mai keken zai dawo da ƙafarsa."

Ya dube ni kamar yau na zo garin. Ya ce, "Mutumin Azare ne zai dawo ya ce da mai furfura aikinka bai yi ba? Wanda muke sahu ɗaya a masallaci? Wanda na je sunan ɗansa? Ba zai dawo ba, Sule. Zai gaishe ni har ƙasa, ya yi min kara, ya kai kekensa wani wuri."

Wannan magana ce take ta yi min yawo a ka tun farkon damuna.

Yanzu babban ɗansa, Haruna, shi ke riƙe da garejin. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya aiki. Da sabon keken nan ya fito, wanda ba shi da kafireto, wato tsohuwar hanyar ba inji mai, sai sabuwar da ake kira injekta, dila ya zaɓi makanikai ya tura su horo, Haruna yana ciki. Ya dawo da takardar shaida da wata na'ura da ake jona wa keke ta faɗi inda ciwon yake. Aka kafa allo a ƙofar garejin, aka zuba siminti inda da ƙasa ce da baƙin mai. Ranar da na ga ya jona na'urar nan ya gano matsalar da da sai an kwance rabin inji, sai da na juya baya na share hawaye. Na tabbata da Yaya yana raye da shi zai fara jan kujera ya ce a nuna masa, kuma da sai ya gajiyar da Haruna da tambaya.

To amma sabon keke yana zuwa da sabis na farko a wurin makanikin dila, don haka kekuna suka yi wa garejin yawa. Haruna yana kan injin da na'urarsa, sauran aiki, su birki da taya da ɗaurin kusoshi, ya bar wa ma'aikata suna yi a gurguje don layi ya ragu. Na'urar kuwa ba ruwanta da birkin da aka ɗaure ɓangare ɗaya ya fi ɗaya. Dilan ma yana iya ƙoƙarinsa. Bayan kowane sabis sai wata mai zaƙin murya ta bugo waya daga ofishinsu ta tambayi mai keke yadda aka yi masa aiki. Ni ma da nake da keke ta kira ni. Kun san amsar da na ba ta, don ita kowa ke bayarwa: Alhamdulillahi, sai godiya. Wa zai kai ƙarar ɗan marigayi wurin baƙuwar da bai taɓa gani ba? Haka labari yake isa Kano cewa a Azare babu mai kuka da aikin Haruna.

Nawa keken sabon ne, da shi nake kai taki kasuwannin ƙauye. Bayan an yi masa sabis na lura in na taka birki yana ɗan ja hagu. Na ce zai daidaita. Ran nan ina kan hanyar Chinade da buhuna, na rage wa wata dattijuwa da jikarta hanya, sai ga shanu sun fito daga gona suna tsallaka titi. Na taka birki da ƙarfi. Keken ya kwashe hagu gaba ɗaya, ƙafar baya ta ɗaga, muka tsaya a bakin kwalbati, ba don Allah Ya tsare ba da wani labarin ake yi. Dattijuwar tana ta salati ta rungume yarinyar. Bafulatanin da ke kora shanun ya zo yana yi mana sannu. Tsoro na ji, tsoro na gaske, kuma har yau ban manta fuskar yarinyar nan ba.

Bayan haka na je yi wa Malam Idi barka, matarsa ta haihu. Malam Idi a hannun Yaya ya koyi aiki, yanzu yana da garejinsa a bayan gari ta hanyar Misau. Ina isa na ga sababbin kekuna a jere a bayan rumfarsa, inda ba a hangowa daga titi. Duk na san masu su, duk kuma abokan cinikin Haruna ne. Da suka gan ni kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ɗaya ya ce wai iska ya zo sa wa taya. Malam Idi ya ja ni gefe ya ce shi kansa abin ya dame shi. Birki da shakazoba zai gyara musu ido rufe, amma injin nan ba a horar da shi a kansa ba, kuma suna matsa masa sai ya taɓa. Ya taɓa na mutum ɗaya, keken ya kwana biyu bai tashi ba, dila kuma ya ce tunda an buɗe a waje ba ruwansa. Na ce to me ya hana shi gaya wa Haruna? Ya ce, "Alhaji, ɗan maigidana ne fa. Da wane bakin?"

Kun ji inda muka tsaya. Wanda aka horar ba ya jin gaskiya daga bakin kowa, wanda ake gaya wa gaskiya ba a horar da shi ba, mu kuma muna ta ɗaukar matan mutane da 'ya'yansu a kekunan da ke ja gefe, muna yi wa juna kara. Garejin da Yaya ya gina yana zubewa ta ƙasa, mai shi yana ganin layin sababbin kekuna yana cewa kasuwa ta yi kyau. Bai lura duk wanda ya gama sabis ɗin farko ba ya sake dawowa ba.

Ina tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan. Sai in ji ina jin haushinsa, Allah Ya gafarta masa, ya gafarta min. Mahaifiyarmu Bafulatana ce, kuma Yaya ya ɗauko kunyarta kaf. Haruna ɗan fari ne. Tun da aka haife shi ban taɓa jin Yaya ya kira sunansa ba, sai dai "wannan" ko "ku ce da na cikin gidan". Bai taɓa zama inuwa ɗaya da shi ba. 'Ya'yan mutane ya kama hannunsu ya ɗora a kan inji, ya yi musu faɗa, ya ja kunnensu, ya ɗauke su dubiya suna zaune kusa da shi. Nasa kuwa sai ya tura shi wani gareji ya koyo. Muna ganin haka muna yabawa, muna cewa Malam Hammadu akwai kawaici. A al'adarmu abin da uba ya kasa faɗa wa ɗan fari, baffa ke faɗa. Baffan kuwa ni ne, ba wani.

An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na yi ta maimaita wa kaina haka, ina zuwa har bakin garejin ina wucewa kamar mai wani uzuri. Ranar da na tsaya, ban iya shirya wata magana ba. Na ce, "Haruna, ajiye na'urar nan ka shiga baya."

Ya yi mamaki amma bai yi musu ba. Na ja muka fita gari ta hanyar Chinade. Da muka sami wurin da ba kowa na ce ya riƙe da kyau, na taka birki. Keken ya kwashe, kafaɗarsa ta bugi ƙarfe. Can ya ce, "Baffa, sake takawa." Na sake. Ya sauko ya durƙusa a gindin ƙafar baya, ya daɗe bai ɗago ba.

A nan bakin hanya na zazzage masa komai: dattijuwar da jikarta, kekunan da ke ɓoye a bayan rumfar Malam Idi, da irin amsar da muke ba mai kiran waya. Na ga kunya ta rufe shi har kunnuwansa, na kuma ji tausayinsa, amma ban tsaya ba, don na san in na tsaya ba zan sake farawa ba. Na ƙare da ba shi labarin dubiya, yadda mahaifinsa yake bin kowane gyara har tasha, da dalilin da ya ba ni.

Washegari ya kwance birkin da hannunsa. Ya je garejin Malam Idi ya gaishe shi, ya ce zai yi magana da dila a sa shi cikin masu zuwa horo na gaba. Ya bi masu kekunan ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun dawo. Wasu sun ce masa lafiya lau, babu komai, kuma har yanzu ba su dawo ba. Ban san yadda abin zai ƙare ba, shi ya sa na kasa zama.

In na auna abin da ya saura na Yaya bayan shekara bakwai, ba shi da yawa. Mainar an sare ta don a kafa allo. Kayan aikinsa rabi ba sa shiga kusoshin sabon keke. Ilimin kafireton da ya yi suna da shi ya kusa zama tarihi, kuma na san ba zai yi baƙin ciki da haka ba. Abin da bai tsufa ba shi ne sanin da ya yi mana, cewa mu mutane ne da za mu gwammace mu faɗa rami da mu ba dattijo kunya, don haka mai gyara a garin nan dole ya tashi ya je ya nemo laifinsa da kansa. Wannan babu dilan da zai koyar, don ba a cikin keken yake ba. Saura ƙiris mu binne shi tare da mai shi, kuma da ladabi za mu binne shi.

Akwai abin da Haruna ya faɗa a bakin hanyar nan da ban gaya wa ko uwargida ba. Da na gama labarin dubiya, ya tsaya yana murza hularsa, idonsa a kan gonakin gero. Ya ce, "Wallahi Baffa, duk shekarun nan na ɗauka hira yake zuwa yi tasha." Kowa a Azare ya san abin da ke kai Malam Hammadu tasha, har masu sayar da rake, ban da ɗan cikinsa.

Sannan ya juyo ya dube ni ya ce, "To ai da ya faɗa min."

Allah Ya jiƙan Yaya.