Malamin da Ya San Sunayen Gajiya

Duk wanda ya yi sakandare a Kafanchan a shekarun casa'in, in ka ambaci Malam Boaz sai ya yi murmushi kafin ya ce komai. Malamin Turanci ne, dogo, siriri, kullum da guntun alli a aljihun riga. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyarwa. Ni Afiniki ta fuska biyu na san shi: ya koyar da ni a aji uku, kuma shi ne mijin yayata Hulda. Don haka abin da wasu za su ji nauyin faɗa, ni zan faɗe shi.

Akwai darasinsa guda da ba ɗalibin da ya manta. Yakan shigo aji da rana tsaka ya tarar muna gyangyaɗi, ya tambayi abin da ke damunmu. Mu ce, "Mun gaji, Malam." Sai ya ƙwanƙwasa tebur ya ce, "Wace irin gajiya?" Daga nan ya rubuta kalmomin Turanci uku a allo. Ta farko, tired, ya ce ta manomi ce da ya wuni a gona. In ya ci tuwo ya kwanta, gobe garau zai tashi. Ta biyu, weary, ita ce wadda ta daɗe a jiki har ta shiga ƙashi ta kai zuciya, barci ba ya maganinta. Ta uku, bored, ta wanda bai tsinana komai ba ce, zama ne kawai ya gundure shi.

"Ku ta ukun ce ke damunku, raggaye," in ji shi, mu kuwa mu bushe da dariya. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce mai ilimi ba ya zuba su a kwando ɗaya. Kallon mutum yake yi ya gane wacce ce a jikinsa.

Yaya Hulda ba ta wuce firamare ba. Gonar citta take yi a ƙauyen Madakiya, kuma wanda bai taɓa noman citta ba bai san aiki ba. A shuka, a rufe da ciyawa, a yi ta cire haki, a tona, a wanke, a tsaga da wuƙa ɗaya bayan ɗaya, a shanya. 'Ya'ya biyar ta raina a tsakanin wannan, ga shi ita ke ba da waƙa a Zumuntar Mata ta coci. Ban taɓa jin ta ce wash ba. A gidanmu haka aka tashe mu, mace ba ta faɗin gajiyarta a gaban mutane.

Da Malam ya yi ritaya suka tattara suka koma Madakiya gaba ɗaya. Nan fa zama ya ishe shi. Ya kafa kujera a gindin mangwaro, ga rediyo, ga tsofaffin jaridu. Gona kuwa ya ce hannun alli ba na fartanya ba ne. In na zo daga Kafanchan sai ya tare ni da tsokana, "Ƙaramar matata, zama ya gundure ni. Kin tuna kalmar ko kin sayar da ita a kasuwa?" In ce na tuna, Malam. Ya iya bayyana tasa gajiyar dalla-dalla, har da misalai. A daidai lokacin Yaya za ta wuce mu da buhu a ka, ya ce mata sannu ba tare da ya ɗago daga jarida ba.

A watan Disambar 2022 autarsu Clara ta haihu a Jos, ɗa namiji, haihuwar fari. A al'ada uwa ce ke zuwa ta yi wa mai jego wanka, ta dama mata kunu, ta zauna wata guda. Ba abin da Yaya take so a duniya kamar wannan tafiya. Amma an riga an tone citta, ga ta tsibi a tsakar gida tana jiran tsaga da shanya. Ita kuwa ba za ta sa ƙafa a mota ba sai mijinta ya ce ta tafi.

Na je ranar Asabar. Na tarar matan zumunta su shida a kan tabarma, kowa da wuƙarta, ana tsaga ana hira. Ƙafafun Yaya sun kumbura, ta ɗaure goshi tamau da ɗankwali saboda ciwon kai. Ta ja ni ɗaki ta nuna mini jaka a ƙarƙashin gado. Ta zuba daddawa, yaji, garin kunu, da sabon zanin goyo. Na ce, "Yaya, yaushe tafiya?" Ta ce, "Sai Malam ya ce."

Muna fitowa Clara ta kira wayar babanta. Ya buɗe muryar wayar kowa na ji, don yana son a san jikansa ya iya kuka. Clara ta ce, "Baba, don Allah a bar Mama ta zo. Ni na san ta gaji, ta zo nan ta huta."

Malam ya juya, a gaban matan nan duka, ya ce, "Hulda, ina gajiya?"

To, me za ta ce? Ko yaron goye a ƙasar nan ya san amsar wannan gaisuwa ɗaya ce. Ko kana ɗauke da dutse a ka, abin da za ka ce ke nan. Ta ɗan yi murmushi ta ce, "Ba gajiya."

"Kin ji da kunnenki," ya ce wa Clara. "Uwarki ƙarfe ce. Citta na bushewa za ta zo."

Ina tsaye a wurin. Na ga jakar, na ga ƙafafun, amma na ja bakina na yi shiru, wai kada in kunyata malamina a gaban mata. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan shirun.

Ranar Talata da safe ta faɗi a kan falalen dutsen da take shanya. Aka kawo ta asibiti a Kafanchan. Likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe ba a kula ba. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke.

A barandar asibitin na same shi zaune, hula a hannu. Raina a ɓace yake, ban ko gaishe shi ba. Na ce, "Malam, kai inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Ka koya wa rabin garin nan. To gajiyar Yaya wacce ce a cikin ukun?"

Na zaci zai yi mini faɗa. Ya juya hular a hannunsa ya ce, "Ta biyun ce. Tun bara na gani, Afiniki. Na tambaye ta a gaban mutane ne don na san abin da za ta ce." Na zauna a ɗaya gefen bencin muka yi ta kallon ƙasa.

Tun daga lokacin Malam Boaz bai ƙara zama a gindin mangwaro ba. Yana da shekara sittin da shida ya koyi tuƙa tuwo. Shi ke yi mata wanka, shi ke juya ta, shi ke tausa mata hannun da man kaɗanya. Maƙwabta ne suka ƙarasa shanyar cittar. Jakar nan ya hana a taɓa ta. Ni dai ban gama yafe masa ba, amma in na ga yadda ya rame tausayinsa yakan kama ni.

Da Ista Clara ta zo da mijinta Gilbert da jaririn, an sa masa suna Yafet. Matan zumunta suka biyo su daga coci, ɗaki ya cika. Aka ɗora yaron a cinyar Yaya. Hannun dama ya ƙi tashi, sai Malam ya durƙusa ya tallafe bayan yaron don kada ya zame. Ta yi ta kallon fuskar jikanta, hawaye na gangarowa.

Gilbert ya rusuna ya gaida surukarsa yadda aka saba. "Mama, sannu da jiki. Ina gajiya?"

Wata huɗu ke nan ba ta furta kalma ko ɗaya ba. Bakinta ya motsa, ya karkace, sai muka ji a hankali, "Ba gajiya."

Ɗaki ya ɗauki guɗa. Mata suna ta yabon Ubangiji, Hulda ta yi magana. Malam Boaz ya miƙa wa Clara ɗanta, ya tashi, ya fita ta ƙofar baya. Ni kaɗai na san dalili, kuma ban bi shi ba.